Ƙishirwar Taata Muleme

Iyakar Nabbosa bakin ƙofa. Nan take durƙusawa kowace safiya, ta ajiye kofin kunu a ƙasa, ta tura shi ciki da 'yan yatsu iya inda hannunta ya kai, sannan ta sunkuyar da kai ta gaida surukinta. Ɗakin ma ba na kwanan mutum ba ne, sito ne a bayan kicin inda ake jibge buhunan gahawa. Can mijinta Kavuma ya mayar da mahaifinsa tun da fitsari ya fara kufce wa tsohon, saboda a falonsu 'yan kwamitin coci ke zama, shi kuwa zarni bai san baƙo ba.

"Kin tashi lafiya, matar ɗana?" in ji Taata Muleme daga cikin duhun ɗakin.

"Lafiya ƙalau, Taata. Yaya jikin?"

"Jiki ya zama rufin ciyawa, 'yata. Ko ba hadari yoyo yake yi."

Ya yi 'yar dariya don ya rage mata nauyi, ita kuwa ta ji dariyar a ƙirjinta kamar sukar tsinke. Daga inda take tana hango katifar ta jiƙe sharkaf, zanen rufarsa ya manne masa a cinya. Da wani ne can daban, da tuni ta shiga ta ɗaga shi. Amma matar ɗa ba ta taɓa uban mijinta, ba ta taɓa shimfiɗarsa, ba ta taka inda yake kwana. Wadda ta yi, obuko ya kama ta, ciwon karkarwar nan mai sa kai da hannu rawa har kabari. Tun tana yarinya ta san haka kamar yadda ta san wuta na ƙuna.

Kavuma ya fito yana ɗaura agogo, farar rigarsa ta sha guga. Bai ƙarasa ƙofar ba ya toshe hanci.

"Yau ma, Taata? Haba! 'Yar da ke goye ma ta fi ka riƙe kanta."

"Na yi yunƙurin tashi, ɗana. Kafin ƙafa ta sami ƙasa, aikin gama ya gama."

"Kullum yunƙuri, kullum wari."

Ya sa tsohon ya mirgina kan tabarma, ya kamo kunnen katifar da yatsu biyu, ya ja ta waje ya yasar a rana. Ya dire bahon ruwa a bakin ƙofa, ya jefa tsumma ciki daga tsaye, ya ce a goge jiki. Mutumin da yatsunsa ba sa iya ko sa maɓalli.

"Ssebo," Nabbosa ta kira mijinta da ladabi, murya ƙasa-ƙasa, "da ka shiga ka kama masa. Bayansa ba ya isa."

"In ga tsiraicin ubana? La'ana kike nema mini da sassafe?" Ya tsaya yana kallon katifar tana tsiyaya a kan jar ƙasa, can ya kaɗa kai kamar wanda ya tsinci dabara. "Ai tulun da ba a zuba wa ruwa ba, ba ya yoyo. Daga yau ba shayi. Ruwa kofi ɗaya da safe, shi ke nan. Kin ji ni ko?"

Ta ji shi. Ta bi hannayensa da kallo yana tayar da babur, hannayen nan da ta so tun kafin ta so fuskarsa, ta rasa yadda aka yi suka yi wa farar riga biyayya haka.

Da hantsi ta goya 'yarta ta ratsa gonar ayaba zuwa gidan Ssenga, ƙanwar tsohon, wadda duk wata maganar al'ada a dangin sai ta bi ta bakinta. Ta same ta a miƙe kan tabarma tana tsinkar wake.

"Ssenga, jikin Taata ya fara ja saboda zama cikin lema. Da kina zuwa ko da safe ne ki wanke shi."

"Ni? Da wannan bayan nawa da ko tsintsiya ba na ɗauka? Kuma yayana ne fa, namiji. Ke a gidanku haka ake yi, mace ta buɗe ɗan'uwanta kamar ƙunshin rogo?"

"To wa zai yi?"

"Ba ya da ɗa? Ba ya da 'ya a birni mai takalmi mai tsini? Ke dai ki riƙe ƙafarki a waje. In kika fara karkarwa, ba ni zan riƙa kai miki loma baki ba."

'Yar da ke birni, Nalubowa, ta yi kuka sosai a waya. Ta ce tana nan tana yi wa Taata addu'a, shagon ne ba mai tsare mata. Bayan kwana biyu direban motar haya ya sauke wani ƙaton ƙunshi, kunzugun manya ne farare tas, irin waɗanda ake yarwa in sun jiƙe. Kavuma ya jujjuya ɗaya a hannu ya ce, "To wa zai ɗaura masa?" Aka ɗora ƙunshin kan kabad, ƙura ta fara hawansa.

Ranar da Nabbosa ta kai 'yarta allurar rigakafi, ta jira har layi ya ƙare, sannan ta matsa kusa da nas ɗin ta ce wai wata maƙwabciyarsu ce take da tsoho mai irin wannan lalura.

"Maƙwabciya ko?" Nas ɗin ta kalle ta ta saman tabarau, ta yi murmushi. "To ki gaya wa maƙwabciyar, kar a kuskura a hana shi ruwa. Fitsarin zai yi kauri, ya ƙara wari, ya ƙona shi, ƙoda kuma ta gaji. A shimfiɗa leda mai kauri a kan katifa, a sa zane a sama. A ajiye bokiti a gefen gado, a riƙa tayar da shi akai-akai tun kafin ya matsu, musamman in ya gama cin abinci. In ya jiƙe a wanke shi nan da nan, a tsane fatar, a shafa basilin. Sannan a kawo shi mu duba. Tsofaffin maza da yawa hanyar ce ke toshewa, kuma akwai abin da ake yi. Ba tsufa kaɗai ba ne."

Ta koma gida kamar ƙafarta ba ta taɓa ƙasa. Da yamma ta zuba wa Kavuma matooke, tuwon ayaba, da miyar gyaɗa, ta bari ya ci ya wanke hannu, sannan ta durƙusa ta faɗa masa duka, har da ledar, har da bokitin.

Ya dube ta kamar ta zage shi.

"Wato kin kwashi asirin gidanmu kin kai kasuwa."

"Ban ambaci suna ba, Ssebo."

"Nas ɗin nan cocinmu ɗaya da ita! Gobe in na tashi karanta Littafi a gaban jama'a, a riƙa zunɗena ana cewa ga wanda ubansa ke fitsarin kwance. In goya shi a babur ya jiƙa ni a tsakiyar kasuwa, shi kike so? Ita nas ɗin ce za ta bar aikinta ta zo ta riƙa riƙe masa bokiti? Ni gahawa nake saye ƙauye-ƙauye, ba zaman gida nake yi ba. Abin da kuke ci daga ina yake fitowa?"

Kowace magana tasa da ɗan ƙamshin gaskiya a jikinta. Abin da ya fi ci mata rai ke nan. Duk gidan babu mugu ko ɗaya, kowa da hujjarsa a wanke a goge, tsoho ne kawai ba shi da ita.

Dabarar Kavuma kuwa ta yi aiki. Lemar katifa ta ragu, daga faɗin tabarma ta koma faɗin faifai, launinta ya koma kamar na shayin da ya daɗe a wuta. Wata safiya aka tashi katifa a bushe ƙarau. Kavuma ya yi ta murna, ranar Lahadi ma a ƙofar coci ya tsaya yana ba maza labari: ba asibiti, ba magani, lissafi kawai.

Ranar Litinin da rana ta take, bayan ƙarar babur ta ɓace, Nabbosa ta cika babban kofi da ruwan tulu mai sanyi. Kamar ɓarauniya ta durƙusa a bakin sito ta tura shi ciki.

"Taata, ga ruwa. Ba kowa a gidan."

Ya ɗago kai da ƙyar. Leɓunansa sun tsattsage sun yi fari kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe, idanunsa sun faɗa ciki. Ya ƙura wa kofin ido, maƙogwaronsa ya motsa. Ta ga hannunsa ya taso, ya tsaya a iska, ya koma.

"Ɗauke, matar ɗana."

"Don Allah, Taata, ko kurɓi ɗaya."

"Jiya ɗana ya shigo nan." Muryarsa ta zama kamar gogar busasshen ganye. "Ya zauna a kan buhun can. Ya ce, Taata, ka ga ka fara warkewa. Har ya tambaye ni ko a sare tsohon iccen nan (ya nuna bayan gida da haɓa) ko a bar shi. Shawarata ya nema, 'yata. Rabon da ya zauna kusa da ni har na manta. In na sha wannan, gobe daga waje zai tsaya."

Ta bar kofin a nan ta koma kicin, ta cusa fuska cikin zanenta ta yi kukan da ba sauti. Da ta dawo ɗaukar kwanuka, kofin na nan a cike, ƙuda ya faɗa ciki.

Daga nan abin ya riƙa gangarawa. Ya daina taɓa matooke, ya ce ba ya wucewa. Ya daina zolayarta. Zazzaɓi ya shiga, ya fara kiranta da sunan matarsa da ta daɗe da rasuwa, yana tambayarta ko an ba shanu ruwa, alhali gidan ko akuya babu. Wani wari ya taso daga ɗakin wanda ba zarni ba ne, ya fi shi nauyi.

Nabbosa ta sake tarar mijinta. "Ssebo, Taata ba ya cikin hankalinsa. Mu kai shi asibiti yau."

"Tsufa ne. In na dawo daga awon gahawa ranar Asabar sai mu gani."

Ssenga ta leƙo daga bakin ƙofa, ta saurari surutansa, ta gyaɗa kai. "Da na lahira yake magana. Sun fara kiransa. Wannan ba aikin allura ba ne."

Ana gobe Asabar, da la'asar, hadari ya haɗo daga wajen tafki, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Nabbosa ta fito da gudu kwashe shanya, sai ta ga ƙofar sito a buɗe. Taata Muleme na kwance rubda-ciki a kan dokin ƙofa, rabinsa a ciki rabinsa a waje. Da jan ciki ya zo. Ya miƙa wuya wajen ruwan da ke zuba daga bakin rufin kwano, bakinsa a buɗe, harshensa a waje, amma ruwan na sauka can gaba da shi kaɗan, yana fantsama masa laka a fuska.

Ta waiga dama, ta waiga hagu. Ba kowa sai ayaba na kaɗawa. Ta tuna karkarwa, ta tuna kanta a tsufe ana ba ta abinci a baki. Shanyar ta zube daga hannunta cikin taɓo.

Ba ta zaci zai yi rashin nauyi haka ba. Ta tallabo shi kamar damin kara, ta jingina kansa a cinyarta, ta tara tafin hannu a ruwan kwano ta kai masa baki. Ya tsotsa kamar jariri, ya ƙware, ya sake tsotsa. Ta kai shi kan tabarma, ta ɗora ruwa a wuta, ta dawo da baho da sabulu. Da ta yaye zanen sai da ta cije leɓe. Daga ƙugu zuwa cinya fatar ta saɓule, bayansa ya yi gyambo mai zurfi, tsumma ya manne a ciki.

Ɗumin ruwan ya dawo masa da hankali na ɗan lokaci. Ya gane ta. Ya yi ƙoƙarin jawo zane ya rufe kansa.

"Kai, kai, matar ɗana! Me kika yi wa kanki? Fita, tun ba a gan ki ba."

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Taata. Kwanta."

Hawaye babu a idonsa, jikin ba shi da na bayarwa. Ya dai rufe ido ya bar ta. Ta wanke, ta tsane, ta shafa masa man jaririyarta, tana yi tana ba shi ruwa da cokali. Tana cikin ɗaura masa busasshen zane hasken ƙofa ya dushe. Ssenga ce tsaye da ganyen ayaba a ka, ruwan ya tare ta a hanya ta biyo fakewa.

Ihun da ta yi sai da ya fi ruwan ƙara.

Nabbosa ba ta tsaya sauraro ba. Ta fita cikin ruwa ta tsayar da motar da ke kwasar ayaba, ta roƙi direban har ya yarda. A asibiti aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Kavuma ya iso washegari, ransa a ɓace, ita tana tsaye a bayansa lokacin da likita ya yi masa bayani a baranda. Ya ce mafitsarar a toshe take, abin da ke zubowa ambaliya ce kawai, da an kawo shi da wuri da robar fitsari ɗaya ta sauƙaƙa masa. Ya ce jikin ya bushe, ƙodar ta tsaya, ƙwayar cuta ta shiga jini.

"Ba ya shan ruwa ne a gida?"

Kavuma ya dubi takalminsa. "Tsofaffi sai a hankali, likita. Ba ya so."

Kafin rana ta faɗi Taata Muleme ya cika.

Ko da aka iso da gawa gida, labari ya riga ya gama gari, kuma ba na ƙishirwa ba ne. Ssenga ta faɗa wa duk wanda ya zo gaisuwa abin da idonta ya gani: tsoho yana zaune lafiya da ciwon tsufansa, matar ɗa ta shiga ta tuɓe shi, kwana ɗaya bai ƙara ba. Dattawan dangi suka yanke cewa in an gama binnewa Nabbosa ta tafi gidan iyayenta sai an ga abin da hali ya yi. A gaban Kavuma aka yanke hukuncin.

Aka tura ta can bayan kicin cikin mata masu ɓare matooke. Ba wadda ta zauna kusa da ita. In ta ɗaga wuƙa sai ta ji idanu a kan hannunta, ana jiran a ga ya fara rawa.

Daga nan take hango komai. An fito da Taata Muleme daga falo, falon da aka hana shi da rai, an naɗe shi cikin mayafan ɓawon itace masu yawa har ana ta yaba ɗansa. Nalubowa ta zo da baƙin tabarau, ta faɗi a kan gawa sai da aka riƙe ta. Sannan aka kira 'ya'ya su yi wankan bankwana. Aka miƙa wa Kavuma ɓargon ayaba da aka daddaka, jiƙe da ruwa. Ya durƙusa, farar rigarsa a cikin ƙasa, ya shafa goshin mahaifinsa a hankali, cikin tausayi, ya sake shafawa. Ruwan ya gangaro ta gefen hanci ya kwanta a kan leɓunan nan da suka tsage. Mata suka fashe da kuka suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irin wannan.

Bayan an dawo daga kabari, maza suka taru a gefen kicin suna wanke hannu. Wani maƙwabci, Lwanga, wanda gonarsa ke bayan tasu, ya dafa kafaɗar Kavuma.

"Sannu da haƙuri, ɗan'uwa. Ka yi iya yinka, matarka ce ta ɓata maka aiki. Ni kam na gode maka. Shawarar nan da ka bayar a ƙofar coci, na gwada ta a kan Maama, tsohuwata. Na yanke mata shayi, na rage ruwa. Ka ga katifarta yanzu? Kamar sabuwa! Sai dai ta ɗan fara surutai, amma ka san tsufa."

Wuƙar ta tsaya a hannun Nabbosa. Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Ya ji abin da likita ya faɗa, da kunnensa ya ji. Kalma ɗaya ta isa. Ta ga bakinsa ya buɗe, ta ga idonsa ya zagaya kan 'yan kwamitin coci da ke tsaye suna jiran buta, ya biyo ta kanta ya wuce kamar bai gan ta ba.

"Madalla," in ji Kavuma. Ya karɓi tawul ya goge hannu.

Nabbosa ta ajiye wuƙar a kan ɓawon ayaba. Ta gyara goyonta, ta ɗauki babbar butar shayin da aka dafa wa masu makoki, ta bi ta tsakiyar mazan ba tare da ta durƙusa wa kowa ba. Suka dare mata hanya, ba don girma ba, don kar ta shafe su.

"Ke! Gidan ubanki ta can yake!" Ssenga ta ƙwala mata kira. "Ina za ki da butar mutane?"

Ba ta juyo ba. Ta kutsa cikin gonar ayaba ta nufi gidan Lwanga, tana jin yadda hayaniya ta ɗauke a bayanta.

"Uwar Lwanga ba surukata ba ce, Ssenga," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Sai ku nemo wata hujjar kafin ku binne ta."